Dile mai sauya murya a na'urar jita: tambayoyi da amsoshi kan daidaita shi da tempo

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan zuwa mini daga masu kaɗa jita a nan Zariya: masu kiɗan biki a Sabon Gari da Tudun Wada, 'yan kwayar coci a Wusasa, da ɗaliban Samaru da Kongo masu haɗa kiɗa a ɗakunansu. Na'urorin da ke hannunsu sun sha bamban, wani Boss, wani Zoom, wani Line 6, amma kukan ɗaya ne. An sa dile mai ɗaga murya, wato ekon na'ura mai maido sauti bayan ɗan jinkiri, a ɗaki yana da daɗi, da an hau dandamali tare da mai ganga sai komai ya dagule. Na bar sunayen maɓallai yadda aka rubuta su a jikin na'ura, don kada mutum ya sha wahalar nema.

Malam, me ya raba wannan dilen da eko na yau da kullum?

Eko na yau da kullum yana maido maka abin da ka kaɗa yadda ka kaɗa shi. Wannan kuwa kafin ya maido sai ya ɗaga muryar, ko ya sauke ta, gwargwadon yadda ka umarce shi. Aikin 'yan amshi yake yi: kai ka bayar, su su karɓa da tasu muryar, kuma komai zaƙin muryarsu, in suka shigo ba a kan gaɓa ba sun ɓata waƙar.

Da firet, wato matakan da ke wuyan jita, ake ƙirga sauyin. Lamba 1 firet ɗaya ke nan, 12 oktaf cikakke, 7 daga do zuwa so, 5 daga do zuwa fa. A na'urorin Zoom irin su G3 sunansa PitchDly, a Helix na Line 6 akwai Pitch Echo, a Boss GT-100 kuma yana cikin PITCH SHIFTER ne, inda za ka ga PRE DELAY, wato jinkirin amsar, da FEEDBACK, wato yawan maimaituwarta. Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Eventide na Amurka ya fito da H910 tun 1975, Boss kuma ya sa irinsa cikin ƙaramin fedal, PS-2, a 1987.

Yaya zan gane milisakan nawa zan sa wa waƙa?

Minti ɗaya milisakan 60,000 ne. Raba 60,000 da tempon waƙar, abin da ya fito shi ne tsawon bugu ɗaya. Waƙa mai BPM 120, wato bugu 120 a minti, bugunta milisakan 500 ne, mai 100 kuma 600. Sauran duk daga nan suke fita. A tempo 120 rabin bugu 250 ne, rubu'i 125, sulusi kusan 167. Wanda na'ura ke nunawa da alamar 1/8 mai ɗigo a gefe, wato kashi uku cikin huɗu na bugu, 375 ne, kuma hanyarsa mafi sauri ita ce ka raba 45,000 da tempo.

In na'urarka tana da zaɓin BPM a wurin TIME, za ta yi maka wannan lissafin da kanta. Duk da haka ka iya shi, domin akwai ranar da za ka buƙaci gyara abin da ta lissafa, kuma ba za ka san inda za ka taɓa ba sai ka san lambar da ya kamata ta kasance.

Wane kashi ya fi dacewa?

In kana kaɗa rabi-rabin bugu a jere, sa 1/8 mai ɗigo. Amsar za ta riƙa faɗawa tsakanin muryoyinka, ta cike gurabun da ka bari, mai sauraro ya ji kamar hannu biyu ke aiki. In waƙar yabo ce mai tafiya a hankali kana jan murya ɗaya-ɗaya, bugu cikakke ya fi. Rabin bugu da dile mai sauya murya yana son hattara, domin amsar tana hawa daidai kan muryar da za ka kaɗa ta gaba, su biyun su fito tare, dole kuwa su kasance masu jituwa.

Oga, kiɗanmu na kalangu ne, mai tafiya uku-uku. Na sa 1/8 mai ɗigo kamar yadda ake cewa, amma bai zauna ba ko kaɗan.

Ba zai zauna ba, kuma ba laifin kunnenka ba ne. Shawarar 1/8 mai ɗigo an yi ta ne don kiɗan da bugunsa ke rabuwa biyu ko huɗu. Da yawa daga kiɗanmu na gargajiya, da na fiyanon da ya kwaikwaye shi, bugunsu uku yake rabuwa, wato 6/8. Na'ura ba ta san wannan ba. Duk abin da ka taka mata a TAP, maɓallin da ake takawa don ba ta tempo, ɗauka take yi bugu ne na kiɗa mai huɗu.

A ce ƙafarka tana taka babban bugu, inda masu rawa ke sauke ƙafa, ya fito 80. Bugun milisakan 750 ke nan. Ƙananan bugun ukun da kalangu ke yi a cikinsa kowanne 250 ne, don haka sai ka zaɓi 1/8 mai alamar T ko mai lamba 3, shi ne sulusi. In kana son amsar ta ɗan ja, ta riƙa gittawa kiɗan yadda makaɗanmu ke saƙa biyu cikin uku, zaɓi 1/4 mai T, ya ba ka 500. Wannan na biyun shi na fi so a waƙar biki, yana ba jita wani irin taku mai nauyi. Shi kuwa 1/8 mai ɗigo a nan 562 da rabi zai ba ka, lambar da ba ta sauka a kan komai ba cikin ukun nan.

Lissafina daidai ne, allon na'ura ya nuna tempo ɗaya da na fiyano, amma amsar tana jan ƙafa. Me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a shafin nan, kuma a nan ne dile mai sauya murya ya bambanta da sauran.

Na'ura ba za ta iya ɗaga murya nan take ba. Sai ta fara tara ɗan guntun sautin, ta karanta shi da sauri fiye da yadda ya shigo in ɗagawa za ta yi, ko a hankali in saukewa ce, sannan ta ɗinke gutsattsarin don kada a ji wurin haɗi. Tarawar nan tana cin lokaci. In guntun ya yi gajarta, jinkirin kaɗan ne amma muryar tana rawa. In ya yi tsawo, muryar ta yi santsi amma ta makara. Abin da FAST, MEDIUM da SLOW suke nufi ke nan a MODE na PITCH SHIFTER na Boss: kana sayen santsi da jinkiri. Wasu na'urorin suna cire wannan jinkirin daga lokacin dile da kansu, wasu ba sa yi, kuma allo ba zai gaya maka ba.

Sai ka auna da kunnenka. Kunna metronom, na'urar da ke buga tempo, ko gangar fiyano, danne tsirkiyoyin da hannun hagu don kada su yi murya, ka buga "cak" ɗaya a kan bugu. Sa dilen a bugu cikakke, ƙara FEEDBACK har amsa ta kai huɗu ko biyar. In ta huɗu ta sauka tare da metronom, na'urarka tana gyarawa da kanta, ka huta. In kuwa kowace amsa tana ƙara yin baya, to jinkirin yana taruwa. A ce milisakan 15 ne: ta farko ta makara da 15, ta biyu da 30, ta huɗu da 60. Ta farkon da ƙyar kunne zai kama, ta huɗun kuwa har mai rawa zai ji cewa akwai abin da ke jan kiɗan baya.

Maganinsa ka fita daga BPM ka koma milisakan, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ta huɗun ta zauna. In aka bi misalin nan, 375 ɗin 1/8 mai ɗigo a tempo 120 ya koma 360. In ba ka son barin BPM, akwai dabara: 45,000 a raba da 360 ya ba da 125, wato ka gaya wa na'urar tempo 125 alhali waƙar tana 120. Ka rubuta yawan abin da ka rage a wani wuri, domin muddin ba ka canza MODE ko yawan sauyin muryar ba, kusan shi za ka riƙa ragewa a kowace waƙa.

Na rage kamar yadda ka ce. Amsa ta farko ta zauna, amma ta biyu da ta uku sun koma suna riga kiɗan.

To naka mai sauya muryar yana wajen zagayen dile ne, wato hanyar da amsa ke komawa ta sake fitowa, ba a cikinsa ba. Alamar ita ce duk amsoshin murya ɗaya suke fitowa da ita, ba sa hawa bene-bene. Sau ɗaya sautin ya bi ta cikin mai sauya murya, don haka sau ɗaya ya makara, kuma duk amsoshin da 15 ɗin nan kaɗai suka makara. Da ka rage 15 daga lokacin dile, ta farko ta gyaru, amma ta biyu ka cire mata 30 alhali 15 take bi, sai ta yi gaba da 15, ta uku da 30. A irin wannan jeri zaɓi biyu gare ka: ko ka rage lokacin ka kuma sauke FEEDBACK har amsa ɗaya ta rage, ko ka bar lokacin a kan lissafi ka haƙura da ɗan jinkirin da ba ya ƙaruwa. Ni na farkon nake ɗauka a waƙa mai sauri.

A GT-100 na sa PRE DELAY a kan bugu cikakke, amma abin da nake ji ya fi haka gajarta.

PRE DELAY na PITCH SHIFTER ba ya wuce milisakan 300. In tempo ya nemi fiye da haka, na'urar tana rage shi zuwa rabi ko rubu'i ba tare da ta sanar da kai ba. A tempo 120 bugunka na 500 ya koma 250. Rabin bugu yana shiga cikin 300 daga tempo 100 zuwa sama, 1/8 mai ɗigo kuwa sai daga 150. In kana son amsa mai tsawo, sai ka haɗa da DELAY na daban a bayansa.

Wace lamba zan sa a PITCH don kada ya fita daga ki?

12 ba ta taɓa fitar da kai, domin do yana komawa do ne a sama, ko sau nawa ya zagaya. Wanda bai saba ba ya fara da ita.

7 ce mai daɗi, ita ce kuma mai haɗari. In sauyin yana cikin zagaye, kowace amsa tana hawa kan ta baya. Ka kaɗa do, ya dawo so, sannan re, la, mi. Duba waɗannan biyar ɗin da kyau: do, re, mi, so, la, su ne muryoyi biyar da waƙoƙinmu da dama suke yawo a cikinsu, irin waɗanda kunnen wanda ya tashi da garaya da gurmi ya saba da su. Shi ya sa 7 take yin kama da kiɗan gida in an fara daga do. Amma amsa ta biyar ti ce, ta shida fi, kuma a nan ake barin gida. In ka fara daga re, amsa biyu kawai kake da su, la da mi, kafin ti ta shigo. Daga mi kuwa ta farkon ma ti ce. Saboda haka da 7 ka riƙe FEEDBACK ƙasa sosai, amsa ɗaya ko biyu, ka kuma san muryoyin da kake tsayawa a kansu.

5 tana kai do zuwa fa, ta gaba kuma ta fita daga ki. 3 da 4 in sun hau kan juna suna ba da sautin firgici, ba na biki ba ne. In jituwa kake so wadda ke bin ki, akwai HARMONIST, wanda ake gaya wa ki ɗin waƙa ya zaɓi tazarar da kansa. Sharaɗinsa murya ɗaya-ɗaya, ban da kod, kuma jita ta kasance an saita ta daidai da fiyano, a kan 440. Lokacin hunturu ka riƙa duba saitin tsakanin waƙa da waƙa, domin bushewar iska tana taɓa itacen jita.

Da na ƙara FEEDBACK sai ya koma fito mai huda kunne, wani lokaci da gurnani a ƙarƙashi.

Siririyar tsirkiyar jita tana kaɗawa wajen sau 330 a sakan. Da 12 a cikin zagaye ta koma 660, 1,320, 2,640, 5,280. Amsa ta huɗu ta riga ta bar inda jita take zaune. Rufe TONE ko HIGH CUT na dilen don kowace amsa ta fi ta baya dushewa.

Gurnanin kuwa yawanci na wutar lantarki ne. Wutarmu 50 take kaɗawa a sakan, in waya ko adafta ba su da kyau sai ƙugin ya shiga jita, na'ura ta ɗauke shi a matsayin murya ta ɗaga shi zuwa 100, 200, 400, inda kowa zai ji shi. Sa NOISE SUPPRESSOR tun kafin mai sauya murya. Jerin da ya fi tsabta shi ne kwamfuresa, sai OVERDRIVE, sai mai sauya murya, sai dile, REVERB a ƙarshe. In OVERDRIVE ya zo bayan dile, muryoyin da suka haɗu za su cakuɗe su zama ƙara.

Mai gangarmu ba ya bin metronom. Yana ƙara wuta in an fara liƙi. Ya zan yi?

Ka bi shi. Kada ka nemi mai ganga ya bi fedal, shi ne ke riƙe da fili. Taka TAP sau huɗu a farkon waƙa, ka sake takawa duk lokacin da ka ji ya ɗaga. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne kuskuren dile ba ya taruwa tsawon waƙa, domin kowace murya da ka kaɗa sabon ƙirga take farawa. In yana 122 kai kana 120, bambancin wajen milisakan 8 ne a bugu. Da amsa biyu babu wanda zai ji. Da amsa shida za a ji. Wannan ma wani dalili ne na rage FEEDBACK a wurin biki.

Ka taka a lokacin da ka yi shiru, ko a ƙarshen baiti. Wasu dile, musamman masu kwaikwayon tsohon tef, suna karkata muryar da ke cikinsu in aka canza lokaci tana kan zagaye.

Za a iya haɗa na'urar da fiyano ko kwamfuta ta riƙa karɓar tempo da kanta?

Za a iya in dukansu suna da MIDI, hanyar da kayan kiɗa ke aika wa juna umarni. Tun 1983 tsarin yake, kuma agogonsa yana aika sigina 24 a kowane bugu. Waya za ta fita daga MIDI OUT na fiyano ta shiga MIDI IN na na'urarka. A manyan Yamaha PSR sai an kunna TRANSMIT CLOCK, a FL Studio kuma SEND MASTER SYNC, a GT-100 a bar SYNC CLOCK a kan AUTO. Ƙananan na'urori irin GT-1 da POD Go ba su da ramin MIDI mai fil biyar, haka ƙananan fiyano da yawa, USB kawai gare su, kuma USB biyu irin wannan ba sa magana da juna sai da kwamfuta ko wata na'ura a tsakani.

Abu biyu za ka lura. In tempon yana rawa a allo, yana hawa da sauka da ɗigo ɗaya, dilen zai iya yin kyarma. Cire wayar ka rubuta lambar da hannu. Sannan a salon 6/8 abin da fiyano ke kira bugu ba lallai ne ya zama wanda ƙafarka ke takawa ba, ya danganta da yadda aka gina salon. Gwada sulusi, ka kuma gwada rabi, kunne zai raba gardama. Dabarar ƙara tempo zuwa 125 kuma ba ta aiki a nan, tunda fiyano ke ba da umarni.

Yaya, ni a ɗakin rikodin nake aiki. In ɗauki jitar da dilen a jikinta, ko in sa daga baya?

Ƙanwata, ɗauki busasshiya, wato ba dile, ki sa dilen a kwamfuta. In mai kaɗawa yana son jin sa don hannunsa ya saki, ba shi a kunne kawai, ko ki ɗauki layi biyu. A kwamfuta kina iya jan layin amsar baya ko gaba har ya hau kan bugu daidai, abin da ba zai yiwu ba in an riga an gauraya su.

Da na canza faci sai tempo ya koma wani daban.

Domin an ajiye tempo a cikin kowane faci ne, wato kowane saitin da ke ajiye a na'ura. A Helix shiga GLOBAL SETTINGS, ka mai da TEMPO SELECT zuwa GLOBAL, tempo ɗaya ya bi ka ko'ina. A GT-100 MASTER BPM yana tare da faci, don haka mai jerin waƙoƙi tsayayyu, kamar ɗan kwaya ranar Lahadi, ya yi wa kowace waƙa facinta da temponta.

Janareto yana canza tempon na'ura?

A'a. Agogonta na cikinta ne, ba ya bin wutar gari. Abin da ɗaukewar wuta ke yi shi ne share gyaran da ba ka ajiye ba, don haka ka danna WRITE ko SAVE da zarar ka samu abin da kake so.

A gida ya zauna daram, a zauren biki ya cakuɗe, kuma ban taɓa komai ba.

Zauren ne ya ƙara nasa ekon. Sauti yana cin mita 343 a sakan, wato kusan milisakan 3 a kowace mita. Bango mai nisan mita 20 zai maido maka kiɗanka bayan wajen milisakan 117, zuwa da dawowa, kuma shi bai san tempo ba. Zaure mai tayil da rufin kwano ya fi kowanne yin haka. Rage MIX na dilen, wato ƙarfin amsar, rage REVERB ko ka kashe shi, ka bar amsa ɗaya. A fili ƙarƙashin rumfa kuwa kana iya ƙarawa.

Haka in lasifikar da kake jin ganga ta cikinta tana nesa da kai da mita 10, kana jin bugun a makare da kusan milisakan 30. Tempon da ka taka zai fito daidai, amma hannunka zai riƙa sauka a baya, amsoshin duk su bi shi. Matsa kusa da mai ganga, ko ka nemi a ajiye maka ƙaramar lasifika a gabanka.

Ban taɓa gwadawa ba. Da wane saiti zan fara?

PITCH a 12, lokaci a 1/8 mai ɗigo in kiɗan mai huɗu ne, 1/4 mai T in mai uku-uku ne. FEEDBACK daidai yadda amsa biyu za su fito ta uku ta ɓace, MIX ƙasa da muryar jitarka sosai, TONE a ɗan rufe. Yi gwajin "cak" da metronom a tempo 100 ka gano jinkirin na'urarka, ka ajiye facin. Sannan ka sa kunnawa da kashewar dilen a maɓallin da ya fi kusa da ƙafarka, TAP a na kusa da shi, domin da mawaƙi ya fara baiti ko mai kalangu ya shiga kirari za ka kashe, ka sake kunnawa in an bar wa jita fili.